Biyenna: Inda Ɗaliban Lauya Ke Koyon Raba Gardama a Aikace

Kowace shekara, idan bikin Ista ya rage mako guda, birnin Biyenna na ƙasar Ostiriya kan cika da matasa masu baƙaƙen kwat, kowa rungume da ƙaton fayil. Ɗaliban shari'a ne daga jami'o'i fiye da 350 na ƙasashe sama da 80. Abin da ke tara su gasa ce mai suna Willem C. Vis Moot, wadda ake koya musu aikin tahkimi a cikinta, wato tsarin da 'yan kasuwa biyu masu rigima kan zaɓi alƙalansu da kansu, su yarda cewa hukuncin da aka yanke ya hau kansu, ba tare da sun taka kotun gwamnati ba. An fara gasar a 1994 da jami'o'i 11 kacal. Sunan da take ɗauke da shi na wani masanin shari'ar kasuwanci ne ɗan ƙasar Holan, wanda ya rasu a 1993. Na halarci zagaye na 31 a watan Maris na 2024 a matsayin ɗan kallo, kuma ya faɗo a tsakiyar azumin Ramadan.

Tafiyar ta zo a lokacin da naira ke shan kashi, dala ta haura 1,500, saboda haka tun daga Abuja ake lissafin kowane yuro kafin a taɓa shi. Ta Istanbul muka bi. Tun a ɗakin jiran jirgi na biyu na fara gane abokan tafiyata: wasu 'yan mata biyu a kusurwa, ɗaya tana magana ƙasa-ƙasa da Turanci tana ɗaga yatsa, ɗaya tana duba agogon wayarta tana katse ta da tambaya. Daga filin jirgin Schwechat akwai jirgin ƙasa mai kai mutum tsakiyar gari cikin minti 16, akwai kuma na talakawa mai tsayawa a kowace tasha. Na biyun na shiga. Sanyin ƙarshen hunturu bai gama sakin gari ba, iska na kaɗawa daga kogin Danub, amma azumi bai yi tsanani ba, domin rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe shida.

Ranar Juma'a aka buɗe taro. Da hantsi na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 6 zuwa tashar Neue Donau, inda Cibiyar Musulunci ta Biyenna take. An buɗe masallacin a 1979 da tallafin Saudiyya, hasumiyarsa na da tsawon mita 32. Ostiriya ta amince da Musulunci a dokarta tun 1912, abin da ya sa Musulmi ba baƙo ba ne a garin. A sahu akwai Turkawa, 'yan Bosniya, Larabawa da 'yan Afirka, har da samari masu kwat da katin gasa rataye a wuya. Ba nisa daga nan akwai dogayen gine-ginen Majalisar Ɗinkin Duniya, mazaunin hukumar UNCITRAL mai tsara dokokin cinikayya tsakanin ƙasashe. Wannan ne dalilin da ya sa gasar ta zauna a Biyenna: a nan aka ƙulla yarjejeniyar saye da sayarwar kaya tsakanin ƙasashe, wadda aka fi sani da CISG, ranar 11 ga Afrilu, 1980, kuma Willem Vis na cikin waɗanda suka riƙe ragamar taron. Da yamma aka hallara a zauren kiɗa na Konzerthaus. Jawabai ne da raha, ɗalibai na tafi duk lokacin da aka ambaci wani abu daga cikin shari'ar da suka kwana suka tashi da ita wata shida.

Aikin ba a Biyenna yake farawa ba. Tun farkon Oktoba ake fitar da fayil ɗin shari'ar, kuma ba tambayar jarrabawa ba ce mai layi biyar. Takardu ne irin waɗanda lauya ke tararwa a kan teburinsa: takardar shigar da ƙara, amsar wanda ake ƙara, kwangila, saƙonnin imel, bayanan shaidu, umarnin alƙalai. Ba wanda zai nuna wa ɗalibi inda matsalar take. Shi zai tono ta. A watan Disamba kowace jami'a za ta miƙa rubutacciyar hujja a madadin mai ƙara. Daga nan a aiko mata da hujjar wata jami'a daga wata ƙasa, ta rubuta martani a madadin wanda ake ƙara, ta miƙa a Janairu. Ƙasashen da ke cikin labarin na ƙirƙira ne, kuma su ne dai kowace shekara: Mediterraneo, Equatoriana, da Danubia inda ake zaman tahkimin. Ƙa'idojin zaman kuwa na gaske ne, kowace shekara a ɗauko na wata cibiyar tahkimi ta duniya. A wannan zagaye na Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya, ICC, mai hedikwata a Faris aka ɗauko.

Shari'ar da aka ba su ba za ta zama baƙuwa ga ɗan Najeriya ba. Wani kamfani ya sayar wa wani na'urorin da ake sa wa motoci. 'Yan damfarar intanet suka kutsa cikin kwamfutocin mai sayarwa, suka aika wa mai saye saƙo da sunan kamfanin cewa an canja asusun banki. Mai saye ya tura miliyoyin daloli can, kuɗi suka bi iska. Mai sayarwa ya ce ba a biya shi ba. Mai saye ya ce ya biya, kuma da an sanar da shi an yi kutse da bai faɗa tarko ba. Wa zai ɗauki asarar? Bayan wannan akwai tambayar tsari: shin mai ƙara na da ikon cusa sabuwar da'awa bayan an riga an sa hannu a kan takardar da ta iyakance abubuwan da za a yi shari'a a kansu?

Da safiyar Asabar na nufi Juridicum, ginin tsangayar shari'a ta Jami'ar Biyenna, kusa da tashar Schottentor. Taku kaɗan daga ƙofarsa akwai hedikwatar OPEC, ofishin da marigayi Rilwanu Lukman da marigayi Muhammad Sanusi Barkindo suka taɓa jagoranta. Na ɗan tsaya na dube shi, sannan na bi ayarin masu fayil. A saman bene akwai babban fili inda ake duba jadawali, alƙalai na karɓar sunayen ɗakunansu, ɗalibai na zaune a ƙasa suna bitar ƙarshe. Ɗakunan jami'ar ba sa isa, don haka ofisoshin lauyoyi na cikin gari kan ba da aron ɗakunan taronsu.

Ɗakin da na fara shiga ƙaramin aji ne. Tebur ɗaya a gaba mai kujeru uku na alƙalai, tebura biyu suna fuskantarsa, kowanne da ɗalibai biyu. Babu hular gashi, babu baƙar riga, babu mai buga tebur a miƙe. A zaune ake magana. Alƙalan suka gabatar da kansu: lauya mai aikin tahkimi, farfesa, da wata matashiya da ta taɓa yin gasar tana ɗaliba. Dukkansu da kuɗinsu suka zo, ba a biyansu ko sisi. Kowane ɓangare na da minti 30, ɗalibi ɗaya ya ɗauki batun tsari, ɗaya ya ɗauki ainihin rigimar. Masu shirya gasar kan haɗa jami'ar da ta taso a kan tsarin shari'ar Ingila, irin namu, da wadda ta taso a kan rubutaccen kundi irin na Faransa da Jamus, wanda Nijar ke bi. Nufin shi ne kowa ya ji yadda wani ke tunani.

Yarinyar da ta fara magana ba ta kai minti biyu ba shugaban zaman ya katse ta. Ya tambaye ta a wane shafi ne aka nuna cewa kamfaninta ya san girman kutsen kafin ranar biyan kuɗi. Ba ta duba takarda ba ta faɗi shafin da sakin layin, ta jira alƙalan suka buɗe, sannan ta ci gaba. Farfesan ya sako tasa: idan yarjejeniyar CISG ba ta ambaci wajibcin sanar da abokin ciniki irin wannan hatsari ba, daga ina za a samo shi? Nan ta ɗan yi jim, ta amince cewa babu shi ƙarara, sannan ta ja hankalinsu ga sashe na 80, wanda ya hana mutum fakewa da gazawar abokin cinikinsa idan shi ne ya jawo ta. Abokin hamayyarta, wani dogon saurayi, ya haddace jawabinsa tsaf, amma tambaya ɗaya ta raba shi da layinsa, ya yi ta lalube har lokacinsa ya tafi. Da aka kammala, alƙalan suka ajiye alƙalami suka yi musu gyara baki da baki: kai ka amsa tambayar da aka yi maka kafin ka koma kan abin da ka shirya, ke ki rage sauri, ku duka ku daina cewa abokin hamayya ya yi ƙarya, ku ce takarda ba ta goyi bayansa ba. Ba a faɗin wanda ya yi nasara. Kowane alƙali zai rubuta makinsa a asirce.

Wannan minti goma na gyara shi ne zuciyar tafiyar gaba ɗaya. Kowace tawaga za ta zauna irin wannan zama sau huɗu tsakanin Asabar da Talata, biyu tana mai ƙara, biyu tana wanda ake ƙara, kowane zama a gaban sababbin alƙalai. Wanda ya kare mai sayarwa da safe zai iya wayar gari yana kare mai saye. Ɗalibin da ya yi haka ya san cewa hujjar abokin gaba ma tana da ƙafafu, kuma wannan sani shi ke sa lauya ya iya gaya wa mai ba shi aiki gaskiya: shari'ar nan ba lallai mu ci ba, gara a zauna. Daga nan ake tace tawaga 64 mafiya maki, su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale har zuwa wasan ƙarshe ranar Alhamis.

Shan ruwa ya fi yi mini daɗi a unguwar Ottakring, inda kasuwar Brunnenmarkt ta miƙe a kan titi, cike da shagunan Turkawa da Siriyawa masu naman halal, dabino da miyar adas mai zafi. A nan na haɗu da wasu ɗalibai 'yan gida da malamarsu. Wani daga cikinsu, da ya ji ina Hausa a waya, ya matso ya gaishe ni.

"Malam, ashe namu ne. Ina wuni, ya ibada?"

Muka gaisa, na tambaye shi yadda zaman ranar ya kasance.

"Wallahi Malam, shekara huɗu ina karatun lauya, ban taɓa buɗe baki a gaban wanda zai katse ni da tambaya ba sai da muka fara shirin nan. A aji malami ke magana, mu rubuta."

Malamar tasu, wadda suke kira Hajiya, ta ce abin da ya fi ba su wahala ba dokar ba ce, kuɗin jirgi ne da biza da masauki. Wasu jami'o'in Turai sun yi zaman gwaji a birane da yawa kafin su iso, nata ɗaliban kuwa ta intanet suka yi nasu, wuta na ɗaukewa ana tsakiyar magana.

Ita ce ta ja hirar zuwa ɗaya ɓangaren sana'ar. Tahkimi, in ji ta, shari'a ce dai, sai dai ta sirri. Akwai mai ci, akwai mai faɗuwa. Shiga tsakani daban yake, domin mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci, aikinsa ya sa masu rigima su gano mafita da bakinsu. Mai sulhu kuwa yakan ƙara taku ɗaya, ya kawo tasa shawarar ya ce ga abin da nake ganin ya dace, in sun so su karɓa. Waɗannan ma ana koyar da su a aikace. ICC na shirya gasar shiga tsakani a Faris kowace Fabrairu, a nan Biyenna ma ana yin wata da bazara tare da cibiyar tahkimi ta birnin, VIAC. A gasar Faris ɗalibi ɗaya ne ke zama ɗan kasuwa, ɗaya lauyansa, ƙwararren mai shiga tsakani na zaune a tsakiya. Kowane ɓangare na da bayanan da kowa ya sani, da kuma na sirri da shi kaɗai aka ba. Mai yiwuwa wanda ke ihun a biya shi diyya, abin da yake so a zuci shi ne kada cinikin ya mutu. Maki na wanda ya iya saurare ne, ya yi tambayar da za ta fito da buƙatar da ke ɓoye, ya san abin da zai bayyana da abin da zai riƙe. Ɗalibin da ya shiga da zafin kotu, ya ƙure abokin zamansa, shi ke komawa da ƙaramin maki.

Da nake sauraronta sai na ga ba baƙon abu take siffantawa ba. Zaman da shugabannin 'yan kasuwa kan yi a Kantin Kwari ko Dawanau idan an saɓa a kan kaya, kowa a ji ta bakinsa, a keɓe da wannan a keɓe da wancan, har a tashi da musafaha, shi ne wannan. Suratun Nisa'i ta yi umarni da a naɗa mai hukunci daga dangin miji da wani daga dangin mata idan aure ya yi tsami, littattafan fiƙihun Malikiyya kuma suna da babin sulhu da bayanin tahkimi. Bambancin shi ne can an mai da abin darasi mai matakai, ana gwada ɗalibi ana gyara masa, an kuma ɗaure sakamakon da doka yadda zai yi aiki a ƙetaren iyaka.

Wannan ɗaurin shi ne ƙarfin tahkimi. Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe fiye da 170 suka shiga, Najeriya a 1970, ta wajabta wa kotunan kowace ƙasa su zartar da hukuncin tahkimin da aka yanke a wata, sai a 'yan dalilai ƙalilan. Hukuncin babbar kotun Kano ba shi da wannan gata a Sin ko Dubai, amma hukuncin mutum uku da aka zaɓa a ɗakin otal yana da shi. Mun ɗanɗana abin da hakan ke nufi. Kamfanin P&ID ya ƙulla kwangilar sarrafa iskar gas a Kalaba da gwamnatin Najeriya a 2010, ba a aza ko bulo ɗaya ba, amma a 2017 zaman tahkimi a Landan ya ce a biya shi dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya kai da shi wajen biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 mai shari'a Robin Knowles na babbar kotun Landan ya yanke cewa da zamba aka samo hukuncin. Duk inda na ce daga Najeriya nake a farfajiyar Juridicum, a kan wannan shari'a ake fara tambayata. Cin hanci ne tushenta, amma duk wanda ya bi labarin ya san cewa an rubuta kwangilar da sakaci, an kuma kare ƙasar da rauni a zaman farko. Ƙasar da ke sa hannu a kwangilolin mai, jirgin ƙasa da wutar lantarki tana buƙatar lauyoyin da suka saba da irin wancan tebur tun suna ɗalibai.

Ta fuskar doka ba mu makara ba. A Mayun 2023 aka sa hannu a sabuwar Dokar Tahkimi da Shiga Tsakani, wadda ta maye gurbin ta 1988. Ta ba yarjejeniyar da aka cimma ta hanyar shiga tsakani ƙarfin da kotu za ta zartar da ita, ta kuma tsayar da ƙidayar wa'adin shigar da ƙara muddin ana zaman sasanci. A shekarar ce kuma Najeriya ta tabbatar da shigarta yarjejeniyar Singafo ta 2019 kan sasancin kasuwanci. Legas na da kotu mai ƙofofi da yawa tun 2002, inda alƙali kan tura shari'a ɗakin sulhu maimakon ta shekara goma a gabansa, Kano ma ta buɗe tata a 2009. Nijar, Kamaru da Chadi na ƙarƙashin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da ake kira OHADA, waɗanda suka sabunta dokar tahkimi suka kuma kafa ta shiga tsakani a 2017, da babbar kotu a Abijan. Ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya ma sun ɗora wa lauya nauyin sanar da mai ba shi aiki cewa akwai hanyoyin sasantawa kafin a garzaya kotu. Abin tambaya shi ne, wanda bai taɓa zama a teburin sasanci ba, me zai gaya masa?

Kafin na bar gari na zaga titin Ring a cikin taragon lantarki, na wuce majalisar dokoki da fadar Hofburg, na leƙa dandalin cocin Stephansdom inda masu keken doki ke jiran 'yan yawon buɗe ido. Ranar Alhamis na kalli wasan ƙarshe a babban zaure, mutane dubbai sun yi tsit suna sauraron ɗalibai huɗu. Aka raba kyaututtuka, akwai ta Pieter Sanders ga hujjar mai ƙara mafi inganci, da ta Martin Domke ga wanda ya fi iya magana. Mafi yawan waɗanda ke zauren ba su samu komai ba, amma sun tafi da abin da suka zo nema: sun rubuta, an soki rubutunsu, sun yi magana, an katse su, sun gyara.

Ba kowace jami'armu ce za ta iya kai ɗalibai Biyenna ba, kuma ba sai ta kai ba. Abin da na gani a wancan ƙaramin aji bai wuce tebura uku, fayil ɗaya da manya uku da suka ba da sa'a guda ta lokacinsu ba. Fayil ɗin gasar ana sa shi a intanet kyauta kowace Oktoba. Wanda ya fi shi ma shi ne namu: rigimar dillali da mai kaya a kan buhunan riɗi, ta manomi da makiyayi a kan ɓarna, ta magada a kan gida, a yi wani zaman da Turanci, wani da Hausa, tunda da Hausa za a yi aikin gobe. Tsangayoyin shari'a na Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai, da reshen Makarantar Lauyoyi na Bagauda, suna da ɗakuna da ɗalibai. Reshen ƙungiyar lauyoyi na kowane gari na da manyan lauyoyi da alƙalai masu ritaya, kasuwanninmu da fadojinmu na da dattawan da suka shekara talatin suna kashe wutar rigima. Ina kira ga shugabannin tsangayoyin nan da su haɗa waɗannan mutane a ɗaki ɗaya, su sa zaman gwaji na tahkimi, shiga tsakani da sulhu cikin abin da ake ba ɗalibi maki a kansa, kada a yaye kowa sai ya zauna a kowace kujera ta teburin.